Malami da Na'ura: Tambayoyi da Amsoshi kan Kwas ɗin Fasahar Koyarwa

Shekara goma sha shida na yi ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare da alli da allo kafin in zauna a ajin fasahar koyarwa. Tun da na gama, da wuya mako ya wuce wani bai jawo kujera kusa da ni a ɗakin malamai ba, ya rage murya, ya yi tambaya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, daga bakin tsofaffin hannu da sababbin ɗauka. Su na tattara a nan, na amsa da abin da na koyo da kuma abin da na gwada a ajina.

1. Wai mece ce fasahar koyarwa, kuma me ake koya a kwas ɗinta?

Duk abin da malami ya ɗauka don ya kusanto da darasi ga fahimtar yaro, ya kuma san dalilin ɗaukarsa, yana cikin fasahar koyarwa. Taswirar da ka zana a kwali tana ciki, rediyo yana ciki, haka majigi da waya da kwamfuta. Wanda ya yi NCE ya ɗanɗana, domin darasi ne da ake yi a kwalejojin ilimi. Sai dai da yawanmu a takarda muka haddace shi, muka ci jarrabawa, hannunmu bai taɓa na'ura ba.

Kwas na yanzu yakan haɗa sarrafa na'urar kanta, da tsara darasi da ita, da auna fahimtar ɗalibai da ita. Za ka ji ana yawan ambaton TPACK, tsarin da Punya Mishra da Matthew Koehler suka fitar a 2006. Abin da yake cewa shi ne sanin darasi daban, sanin koyarwa daban, sanin na'ura daban, kuma aikin yana wurin da ukun suka haɗu. Kai da ka daɗe a aji ka shigo da biyu a hannu, ɗaya ka zo nema.

2. Na haura hamsin, ban taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Ban makara ba kuwa?

Ba ka makara ba, Malam. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin inda yara ke tuntuɓe a darasi, da gane fuskar wanda ya ce ya gane alhali bai gane ba. Wannan kana da shi. Linzami kuwa kwana kaɗan ne hannu ya saba da shi. In kana tura kuɗi ta waya, kana aika saƙon murya a WhatsApp, to ka riga ka fara.

A ajinmu na kwas ɗin akwai wani dattijo, malamin Hausa, da ya kusa ritaya. Makon farko hannunsa har rawa yake yi. Da aka ce kowa ya kawo darasi ɗaya, sai ya bi tsofaffin unguwarsu da wayarsa, ya naɗo muryoyinsu suna tatsuniya da kacici-kacici, ya yanka su gajere-gajere, ya jera tambayoyi bayan kowanne. Matasan da suka fi shi saurin dannawa ba wanda ya yi tunanin haka.

3. Me ya sa sai kwas? Ba zan iya koya da kaina a gida ba?

Za ka iya, kuma wasu sun yi. Amma yawancinmu abin da ya hana mu ba rashin bayani ba ne, tsoro ne: tsoron mu danna wani abu mu lalata kayan mutane, da tsoron jin kunya a gaban na ƙasa da mu. Wanda yake shi kaɗai, ranar da ya maƙale ranar yake ajiyewa. Kwas yana da ranar miƙa aiki, dole ka koma ka sake gwadawa.

Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya yi rubutu a 1977 kan yadda mutum ke samun yarda cewa zai iya wani aiki. Ya kawo tushe huɗu: ka yi abin da hannunka ya yiwu, ka ga wani irinka ya yi, wanda ka amince da shi ya ƙarfafa maka gwiwa, sannan yanayin jikinka lokacin aikin, ko zuciya na bugawa ko ta kwanta. Na farkon ya fi sauran ƙarfi. Da na karanta wannan sai na gane abin da ya faru da ni. Ba lacca ce ta cire min tsoro ba. Ranar da na haɗa tambayoyi goma a Google Forms, na tura wa abokan karatu, na ga amsoshinsu suna shigowa maki yana fitowa da kansa, ranar na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Ganin malamar da ke kusa da ni, wadda na san tare muka fara ba mu iya komai ba, ta riga ni gamawa, shi ma ya yi min aiki fiye da ganin gwanintar mai koyar da mu.

Don haka nake cewa amfanin kwas yana cikin aikin da zai sa ka yi da hannunka, da mutanen da zai zaunar da kai a cikinsu. Satifiket daga baya yake zuwa. Tambaya ta 5 ta yi bayanin yadda za ka tantance kwas da wannan ma'auni.

4. A ina ake yin irin wannan karatu ba tare da na bar aiki ba?

Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna, an kafa ta a 1976 don malaman da ke bakin aiki, tana kuma da cibiyoyin karatu a jihohi inda ake yin NCE da PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, daga nesa. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, NOUN, ita ma haka, kuma a can rajista da aikin gida duk ta intanet ake yi, wasu jarrabawoyin a kwamfuta, ko ba ka so sai hannunka ya faɗa. Jami'o'i da kwalejojin ilimi da dama suna da karatun hutu ko na ƙarshen mako.

Akwai kuma na kyauta ta intanet. Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar a Maris 2022, yana da darussa har da Hausa. TESSA, shirin da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta fara a 2005 tare da cibiyoyin horar da malamai na Afirka, yana da kayan koyarwa da Turanci da Faransanci da Larabci, saboda haka 'yan'uwanmu malamai na Maraɗi da Damagaram su ma za su amfana. Google da Microsoft suna da horon malamai kyauta a shafukansu. Shawarata, in ba ka taɓa yi ba, ka fara da wanda za ka zauna da mutane ido da ido, ko ku haɗu ku uku a makaranta ku ɗauki na intanet tare.

5. Yaya zan gane kwas mai amfani tun kafin in biya kuɗi?

Tambaya ɗaya za ka yi wa wanda ya riga ya yi: “Me ka fito da shi a hannu?” In ya nuna maka darasin da ya shirya, da jadawalin makin ajinsa, da bidiyon koyarwarsa, kwas ne na kirki. In takardun lacca kawai ya nuna maka, to irin wanda muka yi a baya ne. Ka tambayi mutum nawa ke zama a kan kwamfuta ɗaya. Na taɓa zuwa wata bita ta kwana uku inda mu biyar muka kewaye guda ɗaya, wanda ya riga ya iya shi ya riƙe linzami har aka tashi, aka raba mana satifiket. Ban fito da komai ba, kuma abin ya ƙara min ganin cewa ni ne ba zan iya ba. In takardar shaida kake nema don ƙarin girma, ka tabbatar hukumar da ke ɗaukarka aiki ta san da wurin kafin ka biya.

6. Ba ni da kwamfuta, waya kawai gare ni. Za ta isa?

Za ta kai ka nesa. Da wayar Android za ka karanta darussa, ka rubuta aikin gida a Google Docs ko WPS Office, ka haɗa tambayoyi, ka ɗauki bidiyo, ka naɗi murya. Inda take gazawa shi ne dogon rubutu da babban jadawali, sai kuma sabon hannu da kibod, wanda za ka buƙata a jarrabawa (duba tambaya ta 12). Saboda haka ka ware awa ɗaya ko biyu a mako a shagon kwamfuta ko ɗakin kwamfutar makaranta. Don tattalin data, sauke bidiyoyin darasi da dare lokacin da kamfanoni ke sauƙaƙa farashi, mutum ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender.

7. Manhajojin sun yi yawa, kaina ya ɗaure. Da wacce zan fara?

Fara da wadda za ta rage maka wahalar da kake sha yanzu. Ga yawancin malamai wannan wahala ita ce haɗa maki a ƙarshen zango. Buɗe Excel ko Google Sheets. A layin farko rubuta suna, gwaji na ɗaya, gwaji na biyu, jarrabawa, jimla. Cika sunayen yara da makinsu. A gidan jimla na yaron farko rubuta =SUM(B2:D2), ka danna Enter. Sai ka kama ƙaramin ɗigon da ke kusurwar gidan ka ja shi ƙasa har sunan ƙarshe. Jimlar yara tamanin za ta fito kafin ka ɗauke hannu. Aikin da nake kwana biyu ina yi da kalkuleta, ina goge kuskure da reza, ya koma na yamma ɗaya.

Na fi son malami ya fara da wannan saboda ba a gaban yara ake yin sa ba. Kai kaɗai ne, in ka yi kuskure ka danna Ctrl da Z ya koma yadda yake. Wannan maɓalli biyu su ne abu na farko da nake koya wa kowa, domin wanda ya san ana iya janye kuskure ya daina tsoron dannawa. Bayan ka yi zango ɗaya da jadawalin maki, sai ka ƙara abu ɗaya don aji. Kada ka ɗauki biyar lokaci guda.

8. Makarantarmu ba wuta, ba intanet, yara sun haura tamanin a aji. Abin da na koya ba zai tashi a banza ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, kuma gaskiya ne wasu kwasa-kwasan an tsara su ne da tunanin ajin da kowane yaro ke da na'urarsa. Ba zan ce maka dabara za ta maye gurbin wuta ba. Samar da wuta da kayan aiki haƙƙi ne a kan hukuma, kuma ya kamata mu ci gaba da nema. Amma akwai abubuwan da aka yi su musamman don inda ba intanet. PhET, wanda Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Kolorado a 2002, gwaje-gwajen kimiyya da lissafi ne da ake saukewa kyauta a buɗe ba tare da data ba. Kolibri ana sa shi a kwamfuta ɗaya, wayoyi da sauran kwamfutoci su jona da ita a cikin ɗaki ba tare da intanet ba. Kiwix yana ajiye Wikipedia a cikin na'ura. GeoGebra yana zana siffofin lissafi ko ba layi.

Ga yadda nake yi da darasin wutar lantarki. Da dare nake cika cajin kwamfutata a gida. A aji ina raba yara rukuni takwas. Bakwai suna zana da'irar waya da batir da ƙwan fitila a littafi, suna rubuta hasashensu: in an ƙara batir na biyu me zai faru da hasken? Rukuni ɗaya yana zuwa teburina minti huɗu, su haɗa da'irar a PhET da hannunsu, su ga ƙwan ya ƙara haske, su koma, na gaba ya taso. Kafin a buga ƙararrawa kowa ya gani da idonsa. Gani ya kori ji. Ga darasin harshe kuwa, waya da ƙaramar sifika mai caji sun isa aji duka ya ji karatu da lafazi mai kyau.

A lokacin korona, da aka rufe makarantu a Maris 2020, jihohi da dama ta rediyo suka ci gaba da darasi, ba ta kwamfuta ba. Na'urar da ta isa ga yaro ita ce mai amfani a wurinsa.

9. In na'ura ta ƙi aiki a gaban ɗalibai fa? Ga shi yaran yanzu sun fi mu sanin waya.

Za ta ƙi, ba sau ɗaya ba. Ranar da na fara shiga aji da majigi, na jona wayarsa da kwamfutata, na kunna, bango ya nuna shuɗin haske kawai. Na cire na mayar sau uku. Aji ya fara hayaniya, gumi ya jiƙa min riga. Sai wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, a shagon yayana Windows da P ake dannawa.” Na danna, na zaɓi a nuna a wuri biyu, hoton ya fito. Na gode masa a gaban kowa, na sa shi ya zama mai kula da majigi. Girmana bai ragu ba. Yaron da bai taɓa magana a ajina ba ya zama mai riga kowa zuwa.

Daga ranar na ɗauki ƙa'ida biyu. Ina gwada komai a ɗakin da zan yi darasin kafin yara su shigo, kuma ina rubuta a shirin darasina abin da zan yi da alli in na'ura ta tsaya. In minti uku ya wuce ba ta tashi ba, na rufe ta na ci gaba. Yara sun iya dannawa, amma ba su san wane bidiyo ne ya dace da darasin yau ba, ko wace tambaya za a yi bayansa. Wannan aikinka ne.

10. Ni mace ce, ga koyarwa, ga gida, ga yara. Ina zan samu lokaci?

Malama, waɗanda na ga sun gama cikin abokan karatuna mata ba dogon zama suka yi ba. Minti talatin ne bayan sallar asuba, ko lokacin da ba su da darasi a makaranta. Dabarar da ta fi taimaka musu ita ce haɗa aikin kwas da aikin makaranta: in an ce ki shirya darasi, ki shirya wanda za ki koyar ranar Litinin, kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ki nemi wata malama ku riƙa yi tare, kuma ki yi ƙoƙari imel ɗin da kalmar sirrin su zama naki, a wayarki, domin wadda ta dogara da wayar wani takan rasa ranar miƙa aiki.

11. An ce mu ɗauki bidiyon kanmu muna koyarwa. Mene ne amfaninsa?

Ana kiran wannan ƙaramar koyarwa, an kuma faro ta a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963: ka koyar da ɗan gajeren darasi, a ɗauka, ka kalla, ka gyara, ka sake. A da sai da kyamara da ɗaki na musamman. Yanzu jingine waya za ka yi da kwalin alli a kan taga. Da na kalli nawa na minti goma, na ga na yi fiye da rabin lokacin bayana na ga yara ina rubutu, kuma duk tambayoyina ɓangaren dama na aji na jefa su. Shekara goma sha shida ba wanda ya gaya min haka. Cikin duk abin da kwas ya sa ni, wannan ya fi sauya koyarwata.

Sai dai a kula da fuskokin yara. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta nemi amincewar iyaye ko mai riƙo kafin a yi amfani da bayanan yaro. Ka sanar da shugaban makaranta, ka saita wayar ta fuskance ka, kuma kada bidiyon ko makin yara ya fita zuwa Facebook ko zaurukan WhatsApp.

12. Kwas ɗin zai taimake ni a jarrabawar TRCN?

Zai taimaka ta fuskar hannu. Hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda aka kafa da doka ta 31 ta 1993, a kwamfuta take yin jarrabawar cancanta, kuma malamai da yawa sun san amsa amma fargabar na'ura ta cinye musu lokaci. Ka yi atisaye a kan kwamfuta ta gaske, da agogo yana tafiya, ko sau uku ne kafin ranar. Ɗalibanka ma hanyar da za su bi ke nan: JAMB ta fara jarrabawa a kwamfuta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015, WAEC kuma ta fara da masu zana jarrabawa masu zaman kansu a 2024. Yaron ƙauye da zai fara taɓa kibod a ranar jarrabawarsa an cuce shi, kuma malaminsa ne mafi kusa da zai iya hana hakan.

13. Ya halatta in sa ChatGPT ya rubuta min aikin kwas ko shirin darasi?

Aikin kwas, a'a. Ko ba a kama ka ba, ka zubar da abin da ka zo nema, domin kamar yadda amsa ta 3 ta nuna, ƙarfin gwiwa daga abin da hannunka ya yi yake fitowa. Shirin darasi kuwa, za ka iya neman ya ba ka misalai ko tambayoyin gwaji, amma ka bi su ɗaya bayan ɗaya da littafin da hukuma ta amince da shi, saboda yakan kawo kuskure cikin harshe mai daɗi. Hausarsa ma sai ka gyara. In za ka gyara, sa Hausa a cikin harsunan Gboard, wato kibod ɗin wayarka, don ka samu ƙ da ɗ da ɓ, kada yara su karanta “kasa” inda kake nufin “ƙasa”.

14. Na gama kwas, amma kwamfutocin makarantarmu suna kulle a sito. Yaya zan yi?

Yawanci shugaban makaranta tsoro yake ji kada wani abu ya ɓace ko ya lalace a tambaye shi. Kada ka je masa da ƙorafi. Je masa da takarda: aji kaza, ranar kaza, darasi na kaza, kwamfuta biyar kawai, ni zan sa hannu in karɓa, ni zan sa hannu in mayar. Ka roƙe shi ya zo ya zauna a baya a darasin farko. Ka ɗauki malami ɗaya ku yi tare, don ranar da ba ka nan ƙofar ba za ta koma rufe ba, kuma koya masa zai hana ka mantawa da naka.

Kafin ranar, ku fito da su ku goge ƙura, ku jona kowacce ku gani. Wadda ta daɗe a ajiye batirinta kan mutu, amma takan yi aiki in tana jone da wuta. Ku liƙa wa kowacce lamba da takarda, ku rubuta wadda ta tashi da wadda ba ta tashi ba a littafi ɗaya, shugaban makaranta ya sa hannu a ƙasa kafin yaro na farko ya zauna.